Kafin Ka Zagi Jirgin, Fara Duba Yatsanka

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya, mu taɓa ƙananan jiragen nan masu saukar ungulu da ake tuƙawa da rimot, da 'yan uwansu masu farfela huɗu da muke kira duron. Abin ya fara yawa a wajenmu. Daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, da wuya yanzu a yi babban biki ko hawan salla ba ka ji wani abu yana ƙugi a saman kai ba. Wasu don ɗaukar hoto suka saya, wasu don sha'awa, wasu kuma tsaraba ce aka kawo wa yara.

Ra'ayina a kan wannan harka guda ɗaya ne, kuma na san wasu ba zai yi masu daɗi ba. Yawancin jiragen da ke mutuwa a hannunmu ba rashin inganci ke kashe su ba, rashin iya riƙe rimot ne. Muna kashe kuɗi a kan jirgi, amma ba ma kashe lokaci a kan yatsa. Duk wanda bai iya tsayar da jirgi cik a wuri ɗaya na tsawon minti guda ba, bai kai ya tashe shi a kan taron mutane ba, ko nawa ya saye shi.

Mu masu gyaran waya mu ne asibitin waɗannan jirage, tunda babu wani shago na musamman da ake kai su a yankinmu. Kuma ciwon da ake kawo su da shi kusan iri ɗaya ne: farfela ta karye, sandar da ke juya ta ta lanƙwashe, haƙoran giya sun zube, ko wani ɗan ƙaramin abu ya ƙone a kan fanel. Mai shi zai ce maka, "Wallahi jabu aka sayar min, kwana biyu kacal ya yi." In ka tambaye shi yadda abin ya faru, sai ka ji ya tura totur har ƙarshe, jirgi ya yi sama kamar an harba shi, ya tsorata ya sake shi gaba ɗaya, jirgi ya dawo ƙasa da ka. To ɗan'uwa, ko na miliyan ne aka yi wa haka, abin da za a samu ke nan. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, gwaninta ita ce yadda za ka sauke shi.

Ban ce babu kayan banza a kasuwa ba. Akwai su. Akwai ma wanda ba jabu ba ne, amma ba don waje aka yi shi ba. Ƙananan nan masu arha da yawa da hasken infrared suke aiki, irin na rimot ɗin talabijin. Da ka fita da shi cikin rana, hasken rana ya danne na rimot, jirgi ya daina jin maganarka. Irin wannan na ɗaki ne. Wanda za ka fita da shi fili, duba jikin kwalin ka ga an rubuta 2.4GHz. Amma ko ka sayi mai kyan, aikin yana nan yana jiranka.

Bari in tuna mana wani tarihi. Waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji a duniya, 'yan uwan nan biyu Wilbur da Orville Wright na Amurka, masu gyaran keke ne, 'yan sana'ar hannu irinmu. Ranar 17 ga Disamba 1903 suka yi tashin farko, daƙiƙa 12 kacal. Amma kafin wannan rana, daga 1900 zuwa 1902, jirgi marar inji suka yi ta hawa suna gangarowa daga tudun yashi, sau ɗaruruwa, don kawai su gane yadda ake sarrafa abu a cikin iska. Sai da hannu ya faɗa sannan suka ɗora inji. Mu kuma mun juya abin, inji muke fara nema, koyo sai in an ga dama. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama nan a Zariya, maƙwabciyarmu, tun 1964 take. Je ka tambaya ko akwai ɗalibin da ake miƙa wa jirgi ranar da ya zo. Sai ya sha karatu, ya sha zama a na'urar kwaikwayon tuƙi, ya yi ta tashi da malami a gefensa.

To mu dawo kan rimot ɗin da ke hannunka.

Sanduna biyu ne a kansa, irin waɗanda 'yan gidan gem ke kira analog. A tsarin da ya fi yawa, wanda ake kira Mode 2, sandar hagu in ka tura ta gaba totur ne, jirgi ya hau, in ka dawo da ita ya sauko. In ka karkata ta hagu ko dama, hancin jirgin ne zai juya yana tsaye a inda yake. Sandar dama kuma ita ce ta tafiya: gaba, baya, gefen hagu, gefen dama. Akwai Mode 1, inda totur ke komawa hannun dama. Ka san wanda kake da shi tun kafin ka saka batir, kuma in ka zaɓi ɗaya ka zauna a kansa. Mai yawan sauya tsari hannunsa ba ya taɓa zama.

Babbar matsalar matasanmu ita ce hannun gem. Wanda ya saba buga ƙwallo a PlayStation ya saba danna analog har bango, ya sake ta ta dawo da kanta. A jirgi wannan ɗabi'a kisa ce. Motsin da ake buƙata wajen tsayar da jirgi bai wuce kaurin ƙwayar dawa ba. Ka ɗan taɓa, ka dawo tsakiya, ka duba me ya yi, ka sake ɗan taɓawa. Kamar yadda muke ɗora ƙaramin IC a kan fanel da hantsaki, numfashi ma a hankali ake yinsa. Kuma kada yatsa ya bar kan sanda ko na ƙiftawar ido. Masu dukan sanda su ɗaga yatsa su ne jirginsu ke rawa kamar ɗan maye.

Riƙon kansa iri biyu ne. Akwai mai ɗora babban yatsa kaɗai a kan kowace sanda, akwai kuma mai tsunkule sandar tsakanin babban yatsa da manuni, kamar zai ɗauki gishiri. Na farkon ya fi sauri kuma ya fi sauƙi ga wanda ya taso da gem. Na biyun ya fi daidaito, don yatsu biyu suna tokare juna, hannu ba ya zarcewa. Ni a ganina mai koyon jirgi mai saukar ungulu ya gwada tsunkule na sati guda kafin ya yanke hukunci. Dalilina shi ne sandar hagu aiki biyu take yi, kuma mai babban yatsa kaɗai sau da yawa in ya zo juya hanci sai ya taɓa totur bai sani ba. Amma in za ka tsunkule, ka rataya rimot ɗin a wuya da igiya, ko igiyar katin shaida ce, don nauyinsa ya bar kan yatsunka. Ka manna gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, rimot a daidai cibiya. Kada ka riƙa karkata rimot kana bin jirgi da shi kamar sitiyarin mota. Rimot ba ya jin karkatawa, sanda kawai yake ji.

Eriya ma akwai kuskuren da kusan kowa ke yi. In jirgi ya yi nisa sai ka ga mutum ya nuna shi da tsinin eriya, wai don sabis ya isa. Alhali ta tsinin ne sabis ya fi rauni, ta gefenta yake fita da ƙarfi. Bari gefen eriyar ya fuskanci jirgin.

Sai tsarin kunnawa, wanda ya kamata ya zama maka kamar bismillah kafin cin abinci. Totur a can ƙasa. Ka kunna rimot tukuna, sannan ka saka wa jirgi batir. Ka ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri, kada ka taɓa shi na 'yan daƙiƙu, don na'urar da ke daidaita shi a lokacin take gane ina ne daidai. In ka kunna shi a hannu yana karkace, a karkace zai tashi, kai kuma ka ce jabu ne. In an gama, jirgi ake fara kashewa, rimot daga baya.

In rimot ɗinka babba ne mai allo, akwai saiti biyu da za su taimake ka. Ɗaya sunansa Dual Rate, yana rage iyakar ƙarfin sanda, ka sauke shi zuwa kamar kashi 60 ko 70 cikin 100. Ɗayan Expo, yana tausasa tsakiyar sanda yadda ɗan rawar hannu ba za ta firgita jirgi ba, kashi 20 zuwa 30 ya isa mai koyo. Ka gwada a ƙasa kafin ka tashi, don a wasu rimot lambar a juye take aiki. Ƙananan rimot kuma galibi suna da maɓallin gudu, na ƙasa da na sama. Zauna a na ƙasa. Ba abin kunya ba ne, da rarrafe yaro kan tashi.

Yanzu ga darasin da nake cewa shi ne komai, wato tsayuwa. Nemi fili, ka zana murabba'i a ƙasa kamar taku biyu kowane gefe. Ajiye jirgi a tsakiya, wutsiyarsa tana kallonka, kai kuma ka ja baya taku biyar ko shida. A haka hagunsa hagunka ne, damansa damanka ne. Ƙara totur a hankali har ka ga ya yi sauƙi a kan ƙafafunsa, sannan ka ɗaga shi kai tsaye zuwa kamar tsayin ƙugu. Kada ka tsaya jan ƙafa dab da ƙasa, don a nan iskar da farfela ke turawa tana bugun ƙasa ta dawo ta dame shi, sai ya yi ta zamewa. Mai farfela a wutsiya kuma za ka ga yana son zamewa gefe ɗaya lokacin tashi. Haka halittarsa take, farfelar wutsiya ce ke tura shi, ɗan tokare shi kawai za ka yi.

Aikinka shi ne ka hana shi fita daga zanen nan har batir ya ƙare. Shi ke nan. Ba yawo, ba burgewa. Ƙaramin batir minti biyar zuwa bakwai yake yi, ka yi biyu ko uku kullum. Idonka a kan gangar jikin jirgin, ka kama shi tun yana fara karkata, kada ka jira sai ya yi nisa sannan ka fizgo shi. Wanda ya jira, zai gyara da ƙarfi, jirgi ya wuce ɗaya gefen, ya sake fizgowa, haka za a yi ta lilo har a sha ƙasa.

In wannan ta zauna, juya shi ya ba ka gefe, ka koyi tsayuwa a haka, gefen dama da na hagu. Daga nan sai babban gwaji, hancinsa ya kalle ka. A nan ne sandar dama ke juyewa gaba ɗaya, ka tura hagu ya tafi damanka, ka tura gaba ya taho kanka. Mafi yawan haɗarin da ake yi a wajen biki daga nan yake, jirgi ya juyo, mai shi ya rikice, ya tura shi cikin mutane da hannunsa. Dabarar ita ce, in yana kallonka, duk inda ka ga yana zamewa, can za ka tura sanda, kamar mai tokare katangar da za ta faɗi. Ya zame hagunka, sanda hagu. Ya taho wajenka, ja sanda wajenka. Yi ta yi har yatsa ya daina tambayar ƙwaƙwalwa.

Abu biyu kuma game da sauka. Kada ka sauko da shi a miƙe da sauri, zai faɗa cikin iskar da shi kansa ya dama, ya yi ta rawa yana nutsewa, ƙarin totur ma ba lallai ya cece shi ba. Sauko da shi a hankali, ko yana ɗan tafiya gaba. Na biyu, in ka tabbatar faɗuwa ta zo babu makawa, kashe totur gaba ɗaya kafin ya taɓa ƙasa. Wannan a matsayina na mai gyara nake gaya maka. Jirgin da ya faɗi farfela a tsaye, yawanci karkaɗe ƙura kawai za a yi. Wanda ya faɗi farfela ta maƙale a ciyawa kana ci gaba da ba shi wuta, shi ne mota ke ƙonewa, giya ta zube, fanel ya yi baƙi. Kuma kayan gyaran ba a nan kusa suke ba, sai an aika Kano ko an yi oda an jira makonni.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mene ce, tunda duron na zamani da GPS yake tsayawa da kansa, in ka saki sanda ma ba ya motsi? Har zai kawo misali da jiragen kamfanin Zipline da suka fara aiki daga Pambegua a 2022, nan kusa da mu, suna kai jini da magani asibitoci babu mai riƙe masu sanda. Gaskiya ne. Amma waɗannan akwai injiniyoyi da kwamfutoci da ke bibiyar kowane tashi, da hanyar da aka tsara masu tun farko. Naka kuwa, kai kaɗai gare shi. Ranar da GPS ya ɗauke, ko ka shiga tsakanin dogayen gine-gine, ko cikin rumfar taro, jirgin zai koma hannunka kacokan, iska ta fara jansa. A wannan daƙiƙar babu abin da zai cece shi sai abin da yatsanka ya riga ya koya. Shi ya sa nake ba duk mai niyyar sayen duron na ɗaukar hoto shawara ya fara sayen ƙarami marar GPS, mai arha, ya yi wata guda yana faɗuwa da shi. Faɗuwar ƙarami dariya ce, faɗuwar babba jari ne ya tafi.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi. A Play Store akwai manhajojin kwaikwayon tuƙi, a kwamfuta kuma akwai irin su RealFlight da Heli-X. Rimot da yawa na zamani ana haɗa su da kwamfuta ta USB, wasu har da waya ta igiyar OTG. Ka faɗi sau ɗari, ka danna maɓalli jirgi ya dawo sabo. Sai dai ka yi da sanda ta gaske, ko da hannun gem ne. Shafa gilashin waya ba ya koya wa yatsa komai.

Rimot ɗin kansa yana son kulawa, musamman da hunturu. Ƙarƙashin yawancin sandunan akwai ɗan abu mai juyawa irin na ƙarin murya a rediyo. In ƙura ta shige shi, sai ka ga jirgi yana jan gefe ɗaya ko yana zabura kai ba ka taɓa komai ba. Saka shi a jaka ko leda in ka gama. In ya fara, a buɗe a wanke da sifirit ɗin da muke wanke fanel, kada a ɗiga masa man inji ko man gyaɗa. Batirin rimot in ya yi sanyi a canza, kada a ce bari a ƙarasa da shi. Na jirgin kuma ɗan'uwan na waya ne, kowane ɗaki ɗaya 4.2 yake cika, kada ka tsotse shi har jirgi ya kasa tashi, kada ka bar shi a rana ko cikin but ɗin mashin, kada ka sa shi caji ka tafi masallaci ko ka kwanta. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kar ka huda shi, wuta yake kamawa.

Lokacin koyo kuma, da sassafe bayan asuba ko dab da magariba, sa'ad da iska ta kwanta. Iskar hunturu da wadda ke gaban hadari ba abokan wasan ƙaramin jirgi ba ne. Nemi filin makaranta ranar da ba karatu, ko gonar da aka girbe. Ka nisanci wayoyin wuta da ƙarfen sabis. Mutanen Makarfi da Kudan, ku ji da kyau, kada ku koya kusa da gonar rake. In ya faɗa ciki, sai dai in ranar sara wani ya tsinta. Yara kuma dole za su taru, wannan ba makawa. Ka tsayar da su a bayanka, ka sa babba ɗaya ya kula da su. Farfelar da ke juyawa tana tsaga fata, ido kuwa ba shi da na canji.

A nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Duk mai son ya mai da abin sana'a ya nemi sanin ƙa'idar. Kada ka kusanci filin jirgin Zariya, ko barikin soja, ko ofishin 'yan sanda. Kuma kowa ya san halin tsaro da ake ciki, abu ya bayyana a saman ƙauye ba a san mai shi ba, hankalin mutane zai tashi. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci kafin ka tashi. Sannan gidajenmu tsakar gida a buɗe take, iyalan mutane suna ciki. Jirgi mai kyamara da ya ƙwace maka ya bi ta saman gidan maƙwabci, ba za a tambaye ka ko iska ce ta ja shi ba. Rana ɗaya irin wannan ta isa a hana kowa tashi a garin, har waɗanda suka iya.

Ni ina ganin akwai abinci a wannan harka nan gaba, ɗaukar biki, duba gona, auna fili. Waɗanda za su ci shi su ne waɗanda aka yarda da hannunsu. Saboda haka ga abin da nake roƙon duk mai jirgi a cikinmu. Wannan satin kada ka je ko'ina da shi. Zana murabba'inka, sa wani ya riƙe maka agogon waya, ka ga daƙiƙa nawa za ka yi a ciki ba ka fita ba. In ka kai 60 wutsiya na kallonka, juya gefe. In ka kai 60 hanci na kallonka, to a lokacin ka fara karɓar aikin biki. Ku faɗa mana lambar da kuka samu a ranar farko, kuma don Allah a faɗi gaskiya.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da asara. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.